Wa Zai Fara Aje Tarho?

Aƙilu ɗan Malam Junaidu na Ƙofar Taramniya shi ne na farko a gidansu da ya bar tawada da alƙalami ya kama waya. Kakansa malami, babansa malami, yayyensa duk sun bi sahu. Shi kuwa sai aka tura shi Kaduna ya koyo gyaran tarho. Ya komo da akwatin kayan aiki, da tabarau wanda idonsa bai nema ba, da cikakken yaƙinin cewa babu abin da zai lalace a Sakkwato ya gagare shi.

Aikin farko da ya samu, a daminar 1960, farin bajimi ne ya jawo masa shi.

Akwai wata ƙungiya da ake kira Tarayyar Dillalan Shanu da Mahauta ta Bakin Gulbi. Da arziki ya buɗe musu, sai suka ja wa kansu wayar tarho, ta haɗa ofishinsu da kara, wato kasuwar shanu, da mahauta, da zangon shanunsu da ke hanyar Wamakko, da gidajen manyansu. Duk wayoyin nan sun taru a wani ɗan ɗaki a ofis, jikin wani allon katako mai ramuka jere-jere, kowane rami na tarho ɗaya. A gindin allon akwai igiyoyi masu kan tagulla. In mutum yana son magana, sai ya murɗa ɗan hannun da ke jikin tarhonsa, wani ɗan marfin ƙarfe ya faɗo a allon, mai haɗa waya ya tambaye shi wa yake nema, ya ɗauki igiya ya haɗa raminsa da na wancan. In an gama, sai a ajiye kan tarho a sake murɗawa, marfi ya faɗo, a zare igiya ta koma ta jira wani. Abin dai ba wuya.

Sai dai allon Tarayya yana da wata cuta. Da safe yana tashi garau, igiyoyi duk a kwance. Rana na ɗagawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, har a kai lokacin da kowace igiya tana soke, mutane suna ta murɗa tarho, marafa na faɗowa, ba abin da za a haɗa su da shi. Bara an yi taro a kan haka, aka ce igiyoyin ne suka yi kaɗan, aka sayo allo mai ninkin na da. Abin da aka ƙaru da shi kawai, maimakon ya cushe da hantsi, sai ya koma cushewa da azahar.

Mai haɗa wayar, Gambo, tsohon mahauci ne da ciwon gwiwa ya zaunar. Shi ya gano nasa maganin. Da ya ga allo ya cika, sai ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya tattaro igiyoyin da hannu biyu ya fizge su gaba ɗaya. Wannan shi yake kira wankin allo. Wanda ke tsakiyar magana a lokacin kuwa, sai ya yi haƙuri.

Ran nan shugaban Tarayya, Alhaji Maccido, yana magana da mutanen zango a kan wani farin bajimi da aka ware tun bara, ana ta kiwonsa domin bikin 'yancin kai da ke tafe. Ya ce, "Harin bajimin nan namu, a yanka..." Daidai nan Gambo ya wanke allo. Abin da Alhaji ya yi niyyar cewa, a yanka masa ɗanyar ciyawa daga fadama. Mutanen zango ba masu jayayya da shugaba ba ne. Kafin la'asar sai ga tantaƙwashi da hanta an aiko masa gida, a rufe da faifai, tare da gaisuwa.

Washegari aka kirawo Aƙilu.

Sakataren Tarayya, Malam Lawwali, ya riga ya yanke nasa hukuncin. Ya ce, "Ɗan Malam, ba dogon aiki ba na. Ka rubuto muna sunan allon da ya hi wanga girma, mu aika Ikko a kawo."

Aƙilu ya gyara tabarau ya ce, "Malam, bari in duba shi tukuna. Ina jin wata waya ce ta tsinke ciki."

Ya kwance allon nan kaf. Ya goge tsatsa, ya gwada kowace igiya, ya canja batir, ya bi turakun waya da keke cikin taɓo har zango. Bai sami komi ba. Allon lafiyarsa ƙalau, har ya fi wanda aka koya musu aiki da shi a Kaduna. Ya mayar da komi wurinsa, ya tsaya yana kallo, azahar na yi ya cushe kamar kullum. Gambo ya naɗe hannun riga, ya dubi Aƙilu da tausayi, ya ce, "Matsa kaɗan, injiniya."

Abin ya tsaya wa Aƙilu a rai. A gida yayyensa suka fara tambayarsa ko Kaduna ba su kai wannan babin ba. Sai ya ajiye akwatin kayan aiki, ya ɗauko kujera ya zauna bayan Gambo, ya zuba ido kawai. Nan ya lura da abin da bai lura da shi ba yana ta kwance-kwance. Igiyoyi suna fita, amma ba duka ke komowa ba. Wasu su fita su dawo, wasu kuwa in sun tafi sun tafi ke nan sai wanki.

Ya ce, "Baba Gambo, waɗanga da suka daɗe a soke, mi ya hana ka sa kunne ka ji ko sun gama?"

Gambo ya dafe ƙirji. "Ni? Wanda nig gada anka kora don ya ji kuɗin shanu ya kai ma surukinai. Ni rantsad da ni anka yi gaban kwamiti. Ba ni jin maganar kowa. In marhi ya hwaɗo in zare, in bai hwaɗo ba, magana ba ta ƙare ba."

Aƙilu ya tafi kasuwa ya sayo jan zare. Da hantsi ya bi duk igiyar da ke soke ya ɗaura mata zare. Wadda ta komo ya kwance. Da azahar, kafin Gambo ya yi wanki, ya duba masu zare, ya ga ramukan da suke ciki. Ya yi haka yau, ya yi gobe, ya yi jibi. Ramukan ba su canja sosai ba. Ashe cutar tana da gidaje, kuma duk gidajen ya san hanyarsu.

Ta farko ma ba ta bukatar zare. Igiya ce a can gefe, ta yi ƙura, har gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Ko a wankin allo Gambo yana tsallake ta.

"Wagga ta marigayi ta," in ji Gambo, ya rage murya. "Alhaji Hayatu, wanda yak kahwa Tarayya. Shi yac ce a bar mai gidanai haɗe da kara dare da rana. Ba a taɓa ta."

"Ai ya rasu tun ina Kaduna."

"To wa za ya zare? Kai?"

Aƙilu ya hau keke ya tafi gidan marigayin. Matarsa, Inna Karimatu, tsohuwa mai fara'a, ta sa aka shigo da shi zaure. Ya yi gaisuwa, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya nemi a nuna masa tarho.

Ta ce, "Tarho? Ai ya shiga rabon gado, ɗana. Kan tarhon ya hwaɗa ma ɗiyarmu Sadiyatu, tana Gusau da shi. Akwatin na wajen ƙanenta, yana aje allurai ciki."

"To wayar fa, Inna?"

Ta nuna tsakar gida. Wayar tana nan, an ja ta daga bango zuwa icen darbejiya, an shanya zannuwa a kai. Ta ce ba ta taɓa samun igiyar shanya mai ƙarko irinta ba, ta roƙe shi kada ya ɗauke. Ya ce ba zai ɗauke ba.

Zare igiyar marigayi sai da ya ci zaman kwamiti guda. Kowa ya yarda ba tarho a gidan, amma kowa ya ƙi a ce da hannunsa aka raba Alhaji Hayatu da kara. Daga ƙarshe aka yi fatiha, aka raba goro, aka ce baƙo ya zare tun da shi ba ɗan ƙungiya ba ne. Aƙilu ya zare. Wani tsoho ya share hawaye.

Ta biyu ta haɗa ofishin sakatare da gidan Goggo Hajjo, yayar shugaba. Kullum da sassafe take fita. Aƙilu ya leƙa ofishin Malam Lawwali, sai ya ga kan tarho a kwance bisa tebur, an jingina shi da akwatin rediyo mai batir, abin alfaharin ofis. Malam Lawwali ya yi tari, ya ce Goggo ce ke son jin labarai da waƙoƙi, ita kuwa ba ta da rediyo, kuma ba a ce mata a'a.

Aƙilu ya ga wannan mai sauƙi ce. Ya kai wa Alhaji Maccido shawarar a saya wa Goggo rediyo, Alhaji ya ce ai ba sai an saya ba, a ɗauki na ofis a kai mata. Malam Lawwali ya bi rediyon da ido har aka fita da shi. Tun daga ranar gaisuwarsa da Aƙilu ta gajarce.

Ba a daɗe ba Goggo ta aiko a kira mata mai gyara. Ya same ta zaune bisa tabarma, rediyo na ta yi a gabanta, fuskarta a murtuke.

Ta ce, "Kai na ɗan Malam Junaidu? To wanga abin naku ba shi da kai. Daga Kaduna sai Ikko, daga Ikko sai Ingila. Ina ruwana da Ingila? Da can ina jin wanda anka hana ma shanu bashi, da wanda za a hidda kwamiti, da abin da Lawwali ka hwaɗi bisa ƙanena in ya hita. Yanzu duk ba shi. Kun kawo min na banza kun riƙe mai kyau."

Aƙilu ya tuna Gambo da rantsuwarsa, yana zaune yana toshe kunne don tsare asirin Tarayya. Ya ce, "Goggo, waccan tashar ta rufe." Ta yi tsaki ta ce dama ta san 'yancin nan ba alheri zai kawo ba.

Saura babbar. Igiyoyi biyu sun komo gida, amma allo bai daina cushewa ba, ya dai matsa zuwa la'asar. Mafi yawan masu jan zare na dillalai ne da mahauta, wannan da wancan, ba wani tsari. Sai dai akwai guda wadda ba ta fashi, ita ce ta tsakanin gidan Alhaji Maccido da na mataimakinsa, Alhaji Attahiru, babban mahautan Tarayya.

Mutanen nan biyu sa'o'in juna ne, tare suka tashi, tare suka je Makka, kuma kowa ya san in an gama bikin 'yanci za a sake zaɓen shugaba. Saboda haka ladabin da ke tsakaninsu ya kai inda ba ya wucewa. Aƙilu ya yi sammako ya je zauren Alhaji Maccido da sunan duba batir. Ya tarar ana gaisuwar safe ta tarho. Aka gaida gida, aka gaida iyali, aka gaida ruwa, aka gaida shanu. Sannan aka zo sallama.

Alhaji Maccido ya ce, "To Alhaji, sai an jima. Aje." Ya saurara. "Subhanallahi! Ni in aje ma waya? Kai ab babba, kai za ka aje." Ya sake saurarawa, yana murmushi, jijiyar wuyansa kuwa ta tashi. "A'a wallahi. Ko watan haihuwa anka bi ka girme ni. Aje, Alhaji. Ina jira."

Ba wanda ya aje. Alhaji Maccido ya riƙe kan tarho a kunne har hannunsa ya gaji. Can sai ya sauke shi sannu a hankali, ya kwantar da shi bisa wani matashin fata da aka tanada domin haka, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita da sanɗa.

Aƙilu ya taka keke zuwa gidan Alhaji Attahiru. Maigida ya daɗe da tafiya mahauta. Kan tarho yana cikin wani kwanon sha mai fure, an rufe shi da faifai saboda ƙuda.

Da Aƙilu ya tuntuɓi Alhaji Maccido da batun, cikin ladabi, sai Alhaji ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Ɗan Malam, so kaka yi gobe a ce cikin kara Maccido ya kashe ma Attahiru waya? Ga zaɓe tahe?" Alhaji Attahiru ma abin da ya ce ke nan, sunayen kawai ya juya.

Daga nan sauran ta bayyana. Ƙananan dillalai sun ga yadda manya ke yi, sun ɗauka haka ladabin tarho yake. Duk mai jin kansa wani abu ne, ba ya fara ajewa. Wani mahauci ma har ya sa an ɗinka wa nasa kan tarhon 'yar katifa. Kullum ladabi na ƙaruwa a Tarayya, igiyoyi na raguwa.

Aƙilu ya fara da dabarar makaranta. Ya ce Gambo ya riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku, manyan biyu su aje tare. Aka gwada. Gambo ya kai uku, ba wanda ya aje, don kowa ya tabbata ɗan'uwansa zai yi jinkiri ya bar shi da abin faɗa.

Ya koma gida ransa a jagule, ya zauna a zauren babansa inda masu ɗaukar karatu da masu gaisuwa ke shiga da fita. Yana kallo wani baƙo ya gama abin da ya kawo shi, ya ce, "Malam, ni zan koma." Malam Junaidu ya ce, "To, a gaida gida." Baƙon ya tashi. Wani ya zo, shi ma haka. Aƙilu ya ga tun yana yaro bai taɓa jin babansa ya ce wa baƙo ya tashi ba, kuma bai taɓa jin an ce baƙo ya yi rashin kunya don ya nemi tafiya ba.

Ya ce, "Baba, in mutum ya kira wani ta tarho, wane ne baƙo?"

Malam Junaidu, wanda bai taɓa sa tarho a kunne ba kuma ba ya da niyya, ya yi ɗan tunani ya ce, "Wanda yay yi sallama."

Da wannan Aƙilu ya shiga zaman kwamiti na gaba. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce ya tambayi Malam, Malam ya ce mai kira baƙo ne, wanda aka kira maigida. Baƙo shi ke neman tafiya. Saboda haka duk wanda ya nemi igiya, shi zai fara ajewa, shi zai murɗa hannu ya sallami Gambo. In bai yi ba, ya zama baƙon da ya gama magana ya ƙi tashi daga zauren mutane.

Kwamiti ya yi na'am. Maganar ta fito daga gidan malamai, kuma ba wanda ke son a kira shi baƙo maras tashi. Alhaji Maccido ya ce dama abin da ke ransa ke nan. Alhaji Attahiru ya ce shi ma tun bara yake son faɗa.

Aka wayi gari marafa na faɗowa kamar ana kaɗa kalangu. Igiyoyi su fita su komo. Azahar ta yi, la'asar ta yi, rabin igiyoyin na kwance ba aiki. Gambo ya naɗe hannun riga bisa al'ada, ya duba allo, ya ga ba abin wankewa, ya warware hannun rigar a sanyaye. Ya ce wa Aƙilu aikin yanzu ba daɗi, mutum ba ya jin ana tsoronsa.

Igiyar manyan biyu kuwa ba ta sake fita ba ko sau ɗaya. Kowannensu ya yi lissafi ya ga baƙo shi ke zuwa gaida maigida, ƙarami kuma shi ke zuwa gaida babba. Alhaji Maccido ya zauna yana jiran kira, Alhaji Attahiru ya zauna yana jiran kira. Da harkokin biki suka matso, dole a yi shawara, sai aka ɗora wa Malam Lawwali kai saƙo tsakanin gidajen biyu a kan keke, safe da yamma, cikin ruwa da taɓo. In ya gamu da Aƙilu a hanya sai ya kau da kai.

Ranar ɗaya ga Oktoba gari ya cika ya batse. Bayan an taso daga filin taro, Tarayya ta yi nata bikin a ƙofar ofis. An kafa rumfa, an yi tutoci kore da fari, tukwane na tafasa, 'yan kalangu na ta zuga mahauta. Aka zaunar da Aƙilu a gaba, kusa da manya. Ya goge tabarau, ya shirya 'yan kalmomin da zai faɗa in an nemi ya bayyana yadda ya gano cutar allo.

Alhaji Maccido ya miƙe. Ya yi godiya ga Allah, ya yi wa ƙasa addu'a, sannan ya ce, "Jama'a, kun san wahalar da munka sha da tarhon ga. Yanzu bincike ya ƙare, kwamiti ya gano dalili. Cuta ta da Turawa sunka saka cikin wayoyi tun can, don kada baƙar hwata shi yi ma ɗan'uwanai magana shi ƙare. Ku duba ikon Allah. Suna haɗa kaya, ita ma ta haɗa nata. Kuma ɗanmu na, ɗan Malam Junaidu, yak kore ta da hannunai."

Wuri ya ɗauki kabbara da guɗa. Alhaji Attahiru, don kada a bar shi baya, ya miƙe ya ce shi ma tun farko ya yi zargin haka.

Aƙilu ya buɗe baki. Sai ya duba dama ya ga 'ya'yan marigayi Hayatu, ya duba hagu ya ga an kawo wa Goggo Hajjo kujera a bakin rumfa, ga manyan biyu a tsaye gabansa. Kafin ya yanke abin da zai yi, aka zura masa wata babbar riga ta saƙi mai aska takwas, aka ɗora masa hula. Rigar ta zauna masa kamar an gwada. Ya rufe baki, ya durƙusa ya yi godiya.

Da aka zauna cin nama, wani tsohon mahauci ya matso kusa da shi, ya riƙe masa hannun riga, ya ce a hankali, "Ɗan Malam, don Allah hwaɗa min. Ita cutar, ka gan ta da idonka? Ta ina tab bi ta hita?"

Aƙilu ya tauna tsokar da ke bakinsa, ya haɗiye, ya ce, "Ta hanyar Gusau, Baba. A mota."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce dama nan Turawa suke bi, ya miƙa masa ƙashi mai ɓargo.